In an cire na'urar numfashi, an yi kisa ke nan?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Wani aminina ya kira ni da tsakar dare, muryarsa na rawa. Mahaifinsa ya kwana 11 a ɗakin kulawa ta musamman, an zura masa roba a maƙogwaro, na'ura ce ke ɗaga ƙirjinsa tana saukewa. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ta mutu, sun miƙo masa takarda. Ya ce: "Ɗan'uwa, in na sa hannu, ni na kashe Baba ke nan? Kuma shi da bakinsa ya taɓa cewa kada mu bar shi a kan inji. Shi ma ya kashe kansa ke nan?"

Wallahi tambayar ta zauna mini a ƙirji. Mutane da yawa na ɗauke da wannan nauyin a ɓoye, wasu har shekaru.

Mu fara da abin da babu saɓani a kansa. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29: kada ku kashe kawunanku, lalle Allah Mai jinƙai ne a gare ku. Bukhari ya ruwaito daga Jundub labarin wani mutum cikin mutanen da suka gabata, wanda rauni ya ishe shi, ya kasa haƙuri, ya ɗauki wuƙa ya yanke hannunsa, jini ya yi ta zuba har ya mutu. Allah Ya ce bawanSa ya yi maSa gaggawa da ransa, Ya haramta masa Aljanna. Ku lura da abin da mutumin nan ya yi: shi ya ƙirƙiro sanadin mutuwar da hannunsa, kuma mutuwar ce yake nufi. Don haka allurar da ake yi wa majinyaci don a ƙarasa shi, ko da shi ya roƙa, ko da an kira ta tausayi, haramun ce.

Barin magani kuwa wani babi ne daban. Ibn Abbas ya taɓa nuna wa Aɗa'u bin Abi Rabah wata mata ya ce 'yar Aljanna ce. Farfaɗiya ke damunta, ta zo neman addu'a. Manzon Allah (SAW) ya ba ta zaɓi: ta yi haƙuri ta samu Aljanna, ko ya roƙa mata lafiya. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi dai kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi. Da neman waraka wajibi ne a kowane hali, da ba a ba ta zaɓi ba. Shi kansa (SAW), a ciwon ajalinsa, Nana A'isha ta ce sun ɗura masa magani ta gefen baki alhali yana yi musu nuni da kada su yi, kuma da ya farfaɗo ya nuna bai ji daɗin hakan ba.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya gudu da shi. Annabin da ya ba matar nan zaɓi shi ne ya ce mu nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, ban da tsufa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa, ko cutar mai yaɗuwa ce. Mai ciwon sukari da ya jefar da allurarsa don ya gaji da duniya, ko mai wankin ƙoda da ke tafiya da ƙafarsa ya daina zuwa don yana son ya mutu, waɗannan ina ji musu tsoro ƙwarai. Maganin yana aiki, niyyar kuma mutuwa ce. Irin wannan ɗan'uwa a jawo shi a jiki, a saurare shi, a kai shi ga likita, domin sau da yawa ciwon damuwa ne ke magana da bakinsa.

Halin mahaifin aminina ba haka yake ba. Na'urar ba ta warkar da komai, iska kawai take turawa. Malamai sun zauna da likitoci a kan wannan tun da daɗewa. A Amman, a 1986, wannan majalisar ta yanke cewa idan duk ayyukan ƙwaƙwalwa sun tsaya cak, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za su dawo ba, ana ɗaukar majinyacin ya rasu, kuma ya halatta a cire na'urorin, ko da zuciya na bugawa da taimakonsu. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya da ke Makka, ta halatta cirewar bisa hukuncin ƙwararrun likitoci 3, sai dai ta ce ba za a ɗauki majinyacin mamaci ba sai numfashi da zuciya sun tsaya bayan an cire. Sun saɓa a kan lokacin da za a ce ya rasu, amma dukansu ba su kira cirewar kisa ba. Cutar ce ta ɗauke shi, da izinin Wanda ya rubuta ajali.

Abin lura, hukuncin likitoci ne, ƙwararru, fiye da ɗaya. Gajiyar masu jinya ba hujja ba ce, balle kwaɗayin gado, wa'iyazu billah. Kuma doguwar suma daban, mutuwar ƙwaƙwalwa daban: mai suma na iya farkawa. Ku tambayi likita ƙarara wanne ne, sannan ku kai amsar ga malami masani.

Ku kuma masu zuwa gaisuwa, ku ji tsoron Allah da harsunanku. Kada ku ce wa ɗan da ya kwana 11 a tsaye a bakin ƙofa, "da kun ƙara haƙuri." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ce wa aminina ya nemi sauran 'yan'uwansa su ji daga bakin likitocin tare, kada ya ɗauki kayan shi kaɗai. In sun natsu, ya sa hannu da bismillah. Sannan ya shiga ya zauna kusa da kan Baba, ya riƙe hannunsa, ya jiƙa masa leɓɓa da ruwa, ya riƙa faɗin La ilaha illallah a kunnensa a hankali.