Kwana ukun da suka wuce Yaya tana ɗakin jego

Tun ina 'yar sakandare a Zariya na san jinotaif ɗina AA ne, kuma da ka tashe ni daga barci ka tambaye ni zan faɗa maka. Amma rukunin jinina, sai da na zo Ingila na yi cikin fari sannan na san shi. Ranar awon farko a Libaful, cikin bai kai wata uku ba, ungozomar asibiti ta ɗebi jinina. Bayan 'yan kwanaki sai ga takarda: O ne, Rh negetif. An haɗa da ɗan kati da aka ce kada ya rabu da jakata, an kuma sa min ranar da zan koma a yi min allurar anti-D idan cikin ya kai mako 28.

Da na koma na nemi ƙarin bayani, matar ta zaunar da ni. Akwai wani sinadari a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira D. Mai shi fozitif ne, marar shi negetif, kuma rashinsa ba ciwo ba ne. Matsalar tana tasowa ne idan uwa negetif ce, ɗan da ke cikinta ya gado fozitif daga ubansa. Wajen haihuwa, ko ɓari, ko zubar jini, ɗan jinin jaririn kan shiga na uwa, sai jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa masa sojoji. Ɗan fari yakan fita lafiya domin kafin sojojin su yi ƙarfi an haife shi. Na bayansa su ne ke shan wuya: sojojin su ratsa mabiyiya su riƙa farfasa musu jini tun suna ciki. Aikin allurar shi ne ta share jinin jaririn daga jikin uwa kafin jikin ya farga. Ana yinta a wata na bakwai, a sake cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne. In kuwa sojojin sun riga sun samu, allura ba ta da sauran amfani har abada.

Tana magana, ni kuma hankalina ya tafi gida, wurin Yaya.

Yayata ta haifi 'yarta ta fari a ɗakin Inna, wajen goyon ciki, lafiya lau. Aka yi wankan jego, aka sha kunun kanwa, aka yi suna. Na biyu namiji ne, washegarin haihuwarsa idonsa ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, a riƙa fitar da shi hantsi. Bai kai suna ba. Na uku ya zo a kumbure, ko kuka bai yi ba. Daga nan sunan Yaya ya koma mai wabi. Ba irin rubutu da turaren da ba a kawo mata ba, ba kuma wanda ba a zarga ba, har da kishiyar da aka yi mata a tsakani, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Bayan na samu sakamakona na matsa sai da aka kai ta babban asibiti. Negetif ce kamar ni, kuma sojojin suna nan a jininta tun shekaru. Da na yi mata bayani a waya ta yi shiru, can ta ce, “Wato da an yi min allura ɗaya lokacin haihuwar fari, shi ke nan?” Ban iya amsa mata ba, kuka ya ci ƙarfina.

Mun yi imani da ƙaddara, rai da ajali na Allah ne. Amma neman magani ma umarni ne, kuma wannan maganin ya girmi Yaya. A 1940 Karl Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana wannan sinadari, bayan gwajin da suka yi da jinin wani biri da ake kira rhesus, wanda daga sunansa aka samo Rh. A nan garin da nake zaune, Cyril Clarke da Ronald Finn suka yi ta gwaji a farkon shekarun 1960, da taimakon maza 'yan sa-kai da suka yarda a zuba musu jinin da ba irin nasu ba. Shi Clarke, nazarin gado a jikin malam-buɗe-littafi ne ya ja hankalinsa zuwa ga jinin mutane. Wasu likitoci a New York suna irin wannan aiki a lokaci guda, kuma a 1968 aka fara amfani da allurar a Amurka. Fiye da shekara hamsin ke nan. Daga jinin mutane ake tace ta: wani ɗan Ostareliya, James Harrison, ya ba da nasa sau 1,173, mafi yawansu domin wannan aiki, kafin rasuwarsa a 2025.

A Ingila kusan mutum 15 cikin 100 negetif ne, saboda haka ba wanda zai manta da su. A Najeriya abin bai wuce kamar biyar cikin ɗari ba, shi ya sa ake ganin ciwon Turawa ne. Ni a ganina wannan lissafi ne ya cuce mu. Baturiya ta haifi ɗaya ko biyu ta tsaya. Matar karkarar Katsina ko Maraɗi takan yi ciki shida, bakwai, ban da ɓari. Idan ta fari ta wuce ba allura, duk sauran suna cikin haɗari, kuma ko aure ya mutu ta yi wani, jininta na tare da ita zuwa sabon gida. Mu ne muka fi kowa bukatar allurar nan, mu ne kuma ba ta isa gare mu ba.

Ba na cewa duk mai wabi wannan ne ciwonta. Akwai sikila, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai wahalar naƙuda. Amma matar da ɗanta na fari ya rayu, na bayansa suna ta zuwa da shawara tun ranar farko ko su mutu a ciki, kafin a raɗa wa na gaba Ajuji ko Ayashe don a kore wabi, a kai ta a duba jininta. Shawarar da ta fito wa jariri a yinin farko ba ta hantsi ba ce. Ta asibiti ce, inda ake sa shi ƙarƙashin fitila ko a canja masa jini kafin ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda kunyarmu ta faɗa daidai kan cikin da ya fi muhimmanci. Amarya ba ta faɗin tana da ciki sai ya fito. Ba ta zuwa awo da wuri don kada a ce ta cika rawar kai. In ta yi ɓari, ita da uwarta da bango ne suka sani, a dafa mata jiƙo a rufe maganar. In haihuwa ta zo, a gida za a yi, kuma mai jego ba ta leƙa ƙofa, balle a ce cikin kwana uku ta je asibiti alhali ita da jaririn garau suke. Ina son alkunyar ɗan fari, kuma wallahi da na haihu a nan, ni kaɗai a ɗaki da sanyi, babu abin da na yi kewa kamar hannun Inna da ruwan zafinta. Kulawar da muke ba mai jego Bature bai san irinta ba. Abu ɗaya ya rage a cikinta: tsohuwar da ta san ranar fara wanka da ranar gama shi, ta san rukunin jinin 'yarta kuma. Ɓarin da ya haura wata uku, wankin ciki, ciki a wajen mahaifa, faɗuwa a kan ciki, zubar jini, duk lokuta ne da mace negetif za ta tambayi likita batun allura ba tare da jinkiri ba.

Mun nuna za mu iya. Shekarun baya wa ya san AS da SS? Yau ko liman sai ya tambayi takardar gwaji, har Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. A wannan jinin da aka ɗiba, duba rukuni aikin 'yan mintoci ne. Sai dai ina roƙon iyaye da samari kada a haɗa biyun. Na ji an fasa aure don an ga negetif a takardar yarinya, kuma wannan zalunci ne. Negetif tana auren fozitif su haifi 'ya'ya lafiyayyu, nawa biyu ga su nan suna tsalle. In mijin ma negetif ne, ko allurar ba a bukata.

Saura kuɗi. A nan ban biya ko sisi ba. A gida takarda za a rubuta wa miji ya shiga gari neman ta kemis-kemis, da tsadar da ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, ga shi dole ta zauna a firji a ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya, awa 72 kuma suna ta ƙarewa. Gwamnatin jihar da ke shelar haihuwa kyauta, ta sa wannan allura a ciki, ta ajiye ta a firjin da ake ajiye rigakafin yara. Mata biyar ne cikin ɗari, ba za su karya baitulmali ba.

'Yar Yaya ta fari, wadda aka haifa a ɗakin Inna, an sa ranarta bayan Babbar Salla. Ita fozitif ce, dama ta haka abin ya faro, saboda haka ba ruwanta da allura. Amma akwai autarmu da 'ya'yan Kawu mata uku da ba a taɓa gwadawa ba. Na tura kuɗin gwajin, kuma Yaya ta ce ita da kanta za ta raka su ranar Litinin.