Sunan ɗan Habibu da ganuwar da ban yi niyyar gani ba

Matar abokina Habibu ta haihu, ya kira ni ina Lille a Faransa ya ce, "Malam, suna ranar Asabar a Montreuil, kada ka bari rago ya ƙare babu kai." Na rubuta Montreuil a wayata, jirgin ƙasa ya fito, kuɗin tikiti kaɗan. Na ce ashe Habibu maƙwabcina ne, rowar zumunci kawai yake yi.

Na caɓa ado: shadda mai sitati, hula ƙube, turmin atamfa a hammata, ga ƙullin kilishi na mai jego. Da na sauka sai na ga tasha tsit, kogin Canche a gefe, gari kuma can saman tudu cikin ganuwa. Na kama wata hanyar duwatsu mai suna Cavée Saint-Firmin, wadda duk wanda ya gina ta bai taɓa sa takalmin salla ba. Ina hawa ina santsi, babbar riga tana shan iska.

A dandali na kira shi. "Ga ni gindin mutum-mutumin wani Bature a kan doki."

"Wane doki kuma? Ka fito daga jirgin metiro a tashar Croix de Chavaux?"

"Garin nan ko keke ban gani ba, balle metiro."

Sai na ji shiru, sannan dariyar mutum wajen ashirin, har da guɗa. Ashe ya buɗe murya kowa na ji.

Montreuil ɗinsa ita ce ta gefen Paris, mai mutum sama da 100,000, inda 'yan Mali suka yi yawa har ake mata laƙabi da Bamako. Tawa ita ce Montreuil-sur-Mer, mai mutum wajen 2,000, kuma tekun da ke cikin sunanta ma babu shi a garin. Akwai ta uku, Montreuil-Bellay, da nata gidan sarautar a bakin kogin Thouet. Mu da ake yi wa tsiya don kowane gari yana da Tudun Wada, ashe Faransawa sun fi mu lalacin raɗa suna.

Wata tsohuwa ta tausaya min, ta ce mai dokin Janar Haig ne, a nan sojojin Birtaniya suka kafa hedikwata a 1916. Ta ƙara da cewa marubuci Victor Hugo ya zo garin a 1837. Na ce madalla, amma shi ba suna ya zo ba.

Kafin jirgin komawa na zaga ganuwar, kusan kilomita 3, ina cin kilishin mai jego. Masu yawon buɗe ido biyu suka ɗauki hoto da ni, sun zaci hukumar gari ce ta ajiye ni.

Yanzu ko shayi Habibu zai gayyace ni sai ya rubuto 93100, lambar gidan waya ta Montreuil ɗinsa, da manyan lambobi, kuma uwarsa ba ta kira na da komai sai Sarkin Ganuwa.