A daina laƙaba wa bokayen Keltawa ginin Newgrange

Wai har yanzu ana ta tura bidiyon nan? Mai magana ya ƙanƙance murya, an sa kiɗan ban tsoro a baya, yana ta rantsuwa cewa bokayen Keltawa, waɗanda ake kira druid, su suka gina Newgrange, wani tsohon tudun duwatsu mai ɗaki a cikinsa a ƙasar Ailan, don su riƙa yanka mutane. Sannu da ƙoƙari, malam. Saura ka faɗa mana sunan ɗan kwangilar da nawa aka biya shi.

Jama'a, Keltawa, wato wata tsohuwar al'ummar Turai, ba su gina Newgrange ba. An gina shi wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wato ya girmi babbar dalar Giza ta Masar da kimanin shekara 600. Zamanin ƙarfe, wanda ake danganta Keltawa da bokayensu da shi, bai kankama a Ailan ba sai wajen shekara ta 500 kafin haihuwar tasa. Tazarar shekara 2,700 ke nan, kusan ninki biyu na abin da ya wuce daga Hijira zuwa yau. Manoman zamanin dutse ne suka yi aikin, mutanen da ko tagulla ba su sani ba, domin haƙarta a Ross Island da ke yankin Kerry na Ailan sai wajen 2400 kafin haihuwar Annabi Isa aka fara. Duk zanen nan mai murɗewa na dutsen bakin ƙofa, da dutse aka ƙwanƙwasa shi.

Na san za a ce, kai kana wurin? Ba sai na kasance ba. Lokacin da Farfesa Michael O'Kelly ya tone wurin daga 1962 zuwa 1975, ya tarar magina sun liƙe tsakanin duwatsun rufin da ƙonanniyar ƙasa da yashin teku don kada ruwa ya zuba. A cikin liƙin akwai gawayi, kuma ba yadda za a yi ya shiga wurin sai lokacin da ake ɗora rufin. Shi aka yi wa gwajin kabon 14. Duk mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, da ya mutu sai ya fara raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Gwajin yana da matsalolinsa, kuma masu yin sa sun fi mai bidiyo sanin su. Idan gawayin na tsakiyar tsohuwar bishiya ne zai ƙara shekaru, idan saiwar ciyawa ta ratsa shi zai rage, ga shi yawan sinadarin a iska yana hawa yana sauka. Shi ya sa ake daidaita sakamakon da zoben cikin itatuwa, masu nuna shekarun bishiya, kuma Jami'ar Queen's ta Belfast ta jera na itacen oak na sama da shekara 7,000. Kuskuren shekara 100 ko 200, to, mu yarda. Kuskuren 2,700 kuma? Haba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne an danne wa masu aikin haƙƙinsu. Tudun ya kai faɗin mita 85, tsayi mita 13, manyan duwatsu 97 sun kewaye gindinsa. Lungun shiga mita 19 ne, kuma daɓensa yana hawa a hankali kamar mita biyu, saboda haka hasken da ya bi ta ƙofa ba ya kaiwa ɗakin ciki. Sai suka buɗe wata 'yar taga a saman ƙofar, daidai da tsayin daɓen ɗakin. A kwanakin da dare ya fi tsawo, wajen 21 ga Disamba, rana tana fitowa haskenta ya bi ta tagar ya faɗa tsakiyar ɗakin, ya yi kamar minti 17 ya janye. O'Kelly ya gani da idonsa a 1967. A saman duwatsun rufin lungun har magudanai suka sassaƙa don ruwan sama ya zurare gefe, ɗakin kuwa a bushe yake har yau. Wannan duka aikin manoma ne masu kula da fitowar rana, amma sai a ɗauka a miƙa wa druid saboda sunan ya fi daɗin faɗa a TikTok.

Yankan mutanen fa? Kabari ne. An samu ƙasusuwan aƙalla mutum biyar, wasu an ƙona, wasu ba a ƙona ba. Samun gawa a kabari bai zama shaidar yanka ba.

Sai masu cewa ai tatsuniyoyin Ailan sun ambaci wurin. Sun ambata mana. A ciki, Brú na Bóinne, wato wurin da Newgrange yake, gidan Dagda ne, ɗaya daga allolinsu, wanda ya nemi Boann, matar wani, ya tsayar da rana har wata tara suka zama yini ɗaya aka haifi Óengus. Labarin yana da daɗi, kuma tsakani da Allah tsigar jikin mutum takan tashi idan ya ga zancen tsayar da rana a wurin da aka gina don rana. Akwai ma labarin tudun Dowth da ke kusa, na sarkin da ya kwana da 'yar uwarsa, sannan a 2020 masu bincike na Trinity College Dublin suka gano cewa wani namiji da aka binne a Newgrange iyayensa jini ɗaya ne na kusa sosai. Amma wa ya rubuta labaran? Malaman coci, a littattafai irin su Lebor na hUidre na wajen shekara ta 1100 Miladiyya, sama da shekara 4,000 bayan ginin. Mutanen baya sun tarar da tudun, sun girmama shi, sun zaunar da allolinsu a ciki, har kuɗin zinariyar Rumawa an tsinta a bakinsa. Wanda ya gaji gida ba shi ne magini ba.

In dai rigima kuke so, ga ta gaske: farin bangon nan da kowa yake ɗaukar hoto a gabansa. O'Kelly ya tarar da fararen duwatsun, waɗanda aka kwaso tun daga tsaunukan Wicklow, a zube gaban tudun, ya yanke cewa bango ne ya rushe. Sai aka kafa katangar kankare da rodi aka manna su a tsaye. A Knowth, wani tudun da ke maƙwabtaka da Newgrange, masanin da ya tone shi, George Eogan, ya samu irin duwatsun ya bar su shimfiɗe a ƙasa, don a ganinsa daɓe ne. Ni dai ina bayan Eogan. Bangon da sai da siminti zai miƙe haka, da me manomin zamanin dutse ya riƙe shi?