An ƙara wa dunƙulen magi ƙarfe, gishirin fa?

Tun watan Satumban 2024, da hukumomi suka fito da ƙa'idar zuba sinadarin ƙarfe da zink da folik asid da bitamin B12 a cikin dunƙulen magi, nake sauraron in ji wanda zai tambayi gishirin da ke ciki. Ban da wasu ƙungiyoyin fararen hula, shiru kake ji. Ana nan sai a watan Maris na 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar rage cin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri mai jawo hawan jini in ya yi yawa, tana son a rage kashi 30 cikin ɗari nan da 2030. Wannan ai tufka da warwara ne.

Kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato miligiram 2,000 na sodiyam, abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba. To bari mu bi ɗan Kano guda daga safe zuwa dare. A teburin mai shayi an juye masa ƙunshin ɗanɗanon indomi kaf, aka kuma murmushe rabin dunƙule a cikin ƙwai, ga burodi wanda shi ma da gishirinsa. Da rana ya ci garau-garau, waken an dafa shi da kanwa, yajin kuma tare da magi aka daka shi. Da daddare miyar kuka: dunƙule uku ko huɗu, ɗan farin magi, sannan uwargida ta ɗanɗana ta ce da saura, ta barbaɗa gishiri. In aljihu da nauyi a rufe da tsire. Kanwa da farin magi duk sodiyam ne a cikinsu, amma ka tambayi mutumin nan, zai rantse maka shi ba mai cin gishiri ba ne, tunda bai taɓa ɗibar shi da hannunsa ba.

Masu goyon bayan shirin na cewa magi ya riga ya shiga kowane gida, don haka a bi ta nan a kai wa mata masu ciki da yara abin da jikinsu ya rasa, kamar yadda aidin a gishiri ya yi maganin maƙoƙo. Hujja ce mai daɗi a ɗakin taro a Abuja. Sun manta da rediyo. Ranar da talla ta fara cewa dunƙule kaza "yana ƙara jini", uwar da likita ya ce ɗanta ba shi da isasshen jini ba za ta rage ba, ƙara biyu za ta yi, tana ganin magani take zubawa. Daga ƙarin jini zuwa hawan jini, kuma a tukunya ɗaya maigida da kaka suke ci. Wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, ko ya biya kuɗin wankin ƙoda ko sau ɗaya ne, ya san abin da nake faɗa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne amsar da aka saba bayarwa, wai a wayar da kan jama'a su riƙa karanta bayanin da ke jikin kaya. Wane bayani? Magi ɗai-ɗai ake saye a wurin mai tebur, babbar ledar da aka rubuta alƙaluman tana hannun ɗan kasuwa. In ma ka same ta, da Turanci ne, da ƙananan baƙaƙe, kuma sodiyam aka rubuta; sai ka ninka shi sau biyu da rabi kafin ka san gishirin. Wannan lissafi ake so matar da ke hura wuta ta yi.

An iya sanya harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon kwalba saboda sukari, a dokar kuɗi ta 2021. Ashe in an ga dama ana iya taɓa kamfanoni. To NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta yanke iyakar gishirin dunƙule, ta zama tilas, kuma duk kamfanin da bai sauko ba kada a bar shi ya ambaci kalmar jini a talla. Kuɗin da za a kashe kan ƙarfen nan kuwa, a waiwayi daddawa da zogale da wake da su.