Kwana Uku a Ƙofar Fadar Kwamfuta

Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a kusurwar ɗakina, 'yar gwanjo, wadda tun ranar da ta shigo gidan nan mutanen gida suka naɗa ni injiniya, alhali ban taɓa zama a ajin kowa don koyon sana'ar ba. Windows 7 ce a kanta, ƙwaƙwalwarta gigabait 2 kacal, kuma idan aka kunna ta sai fankarta ta yi gurnani irin na injin markaɗe kafin ta nutsu. Na san cewa Microsoft ta daina kula da wannan manhaja tun ranar 14 ga Janairun 2020, amma ni ban ga dalilin rabuwa da abin da bai ce ya gaji ba, musamman da yake duk aikinta bai wuce buga wasiƙun ƙungiyar unguwarmu ba, inda nake riƙe da muƙamin sakatare.

Wata ranar Alhamis cikin hunturu na buga takardar gayyatar taro har kwafi 20, na ba yara suka rarraba, na zauna ina jin daɗin kaina. Bayan la'asar sai ga shugaban ƙungiya a ƙofar gida da takardar a hannu, ya gyara zaman tabarau ya ce, "Malam sakatare, wannan taron za a yi shi ne, ko kuwa an riga an yi, mu ne ba mu samu labari ba?" Da na duba saman takardar, inda kwamfutar kan sa kwanan wata da kanta, sai na ga 1 ga Janairu, 2009. Wato a lissafinta marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ke mulkin Najeriya, kuma ita kanta Windows 7 ɗin da take amfani da ita ba a haife ta ba tukuna, domin sai a watan Oktoban wannan shekarar aka fito da ita kasuwa. Na yi niyyar in aika gyararriyar takarda ta imel, nan ma shafin ya ƙi buɗewa, saboda kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kuma a idon kwamfutata duk takardun duniya lokacinsu bai yi ba.

Na tabbatar wa shugaba cewa aikin minti biyu ne. Duk wanda ya taɓa irin wannan kwamfuta ya san Kwanturol Fanel, wurin da ake saita agogo da sauti da linzami da firinta, wanda ni nake ɗauka a matsayin fadar sarki, domin duk mai ƙorafi can yake kai kukansa. Na danna sunanta sau ɗaya cikin ladabi. Taga ta buɗe fara fat babu komai a cikinta, wani ɗan zobe mai shuɗi ya fara juyawa, can kuma sai fuskar tagar ta yi fari-fari kamar sararin Kano da ƙurar hunturu, aka rubuta a samanta da Turanci cewa ba ta amsawa. Na ƙara dannawa, na sake, sannan na yi abin da kowane magidanci yake yi idan ya yi sallama an yi shiru, wato na ɗaga murya. Na danna linzamin nan ya fi sau talatin, har uwargida ta leƙo daga tsakar gida tana tambaya ko ƙuma nake kashewa.

Daren farko na kashe na kunna sau shida. A na bakwai na tuna da wata dabara da na taɓa gani a wurin wani, ta haɗa maɓallan Ctrl da Shift da Esc don kiran dogarin da ke korar manhajojin da suka yi taurin kai. Dogari ya fito da jerin sunaye, na hango wani mai suna explorer.exe, na yanke masa hukunci nan take ba tare da na saurari shaidu ba. Abin da ban sani ba shi ne wannan bawan Allah ba tagar fadar kaɗai yake riƙe da ita ba, shi ne kuma yake ɗauke da sandar ƙasan allo da duk 'yan hotunan da ake dannawa. Ina korarsa komai ya ɓace, ya rage daga ni sai hoton bango. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na zauna tsawon lokaci ina duban allon nan ina lissafin wasiƙun ƙungiya na shekara da shekaru, da rajistar masu biyan kuɗin wata, da yadda zan tsaya gaban dattawa in bayyana musu cewa da hannuna na share su. Da na rasa abin yi na kashe ta na kunna, sai ga komai ya dawo daram, na shiga cikin gida na sanar da cewa na ceto ta daga wata mummunar cuta.

Washegari bayan sallar Juma'a na kai maganar majalisarmu, inda babu matsalar da ba ta da likita. Wani ya ce bairos ne, a yi mata wankin ciki gaba ɗaya a sake zuba manhaja. Wani ya ce akwai hanyar mayar da kwamfuta baya zuwa ranar da take lafiya, na ce masa ai bayan ne ya yi mata yawa, gaba nake nema. Aminina kuwa, wanda ɗansa ke karatun kwamfuta a jami'a kuma saboda haka yake ganin ilimin ya gangaro masa ta hanyar gado daga ƙasa zuwa sama, ya rubuta mini a bayan katin waya cewa in buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da izinin mai gida, wato mai cikakken iko a kanta, in rubuta sfc /scannow. Wannan umarni ne na gaskiya mai amfani, yana bin fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya yana gyara wanda ya lalace, sai dai a tsohuwar kwamfuta tafiyar hawainiya yake yi. Na zuba masa ido yana hawa daga kashi 1 cikin ɗari, na sha shayi kofi biyu, na ƙi amsa kiran abinci, yana kaiwa kashi 87 aka ɗauke wuta.

Na tayar da janareta da man da aka ajiye domin guga, abin da har yau ba a gama yafe mini ba, na sake farawa daga sifili. Wannan karon ya kai ɗari, sannan ya ba ni rahoton da ya fi ɗauke wutar ciwo, cewa bai ga laifin komai ba. Na koma ga dabarar F8, wadda ake dannawa lokacin tashi don shiga yanayin kariya, inda kwamfuta ke tashi da abin da ya zama dole kawai, na yi ta dannawa har kwamfutar ta fara ƙara kamar ɗan tsako. Ta shiga da manyan haruffa da baƙin bango, na je fada, fada ta ƙi buɗewa a nan ma. Ranar Asabar da safe na kwance murfin akwatin na hura ƙurar ciki da bakina, bisa imanin cewa babu cutar na'ura da hurawa ba ta magani, ƙurar hunturun shekaru ta taso ta rufe mini fuska da gemu, na fito tsakar gida ina atishawa, jikata ta gan ni ta ruga da kuka.

A wannan hali autata mai shekara 11 ta same ni, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, wai me kake so ka gyara ne?" Na yi mata bayani da haƙurin da malami ke yi wa jahili, cewa agogo ne ya ɓata, kuma sai an shiga fada ake gyara agogo, fada kuwa a kulle take. Ta ce in ba ta izini ta taɓa. Ta kama linzami, ta kai shi kan ɗan agogon da ke ƙasan allo ta hannun dama, wanda kwana uku ina kallonsa yana kallona, ta danna shi, ta danna rubutun da ya fito a ƙasansa, sai ga tagar gyaran kwanan wata a buɗe. Ta gyara shekara da wata da rana kafin in gama share ƙurar idona, ta ce Mama tana kiranta, ta fita. Ashe kwana uku ina bugun ƙofar zaure alhali ƙofar gefe ko sakata babu.

Allah Ya rufa mini asiri da safiyar Lahadi, domin da aka ɗauke wuta cikin dare aka dawo da ita, kwamfutar ta farka a 2009 kamar ba a taɓa yi mata magana ba. Na kira mutanen gida ɗaya bayan ɗaya na nuna musu, na yi jawabi a kan bambancin gyaran yara da gyaran manya, sannan a ranar Litinin na ɗora akwatin a cinya cikin a-daidaita-sahu zuwa wurin wani matashi mai gyara, auta na biye da wayoyi a leda.

Yaron nan bai ɓata minti biyar ba. Ya zaro wani batiri mai kama da kwabo daga babban allon ciki, CR2032 mai ƙarfin bolt 3, ya ce shi ke riƙe wa kwamfuta agogo idan babu wuta, nawa kuma ya daɗe da rasuwa. Kuɗin sabon bai kai kuɗin motar da na biya ba. Game da fada kuma ya yi mini bayanin da ya dace da sunan da na ba ta: da yawa daga sassanta 'yan fayiloli ne masu ƙarewa da .cpl, yawancinsu a jakar System32 suke zaune, kuma idan za ta buɗe sai ta kira su kamar yadda ake kiran hakimai, in ɗaya ya maƙale a hanya kowa sai ya tsaya jiransa. Ya bi su yana buɗewa ɗaya ɗaya, na agogo ya amsa, na linzami ya amsa, har ya kai kan wani baƙo na manhajar sauti wanda ba na Windows ba ne, shi ya sa binciken da ya cinye man guga bai kula shi ba. Yana taɓa shi zoben nan ya fara juyawa.

Ya ce, "Baba, wannan ai na wata irin kwamfuta ce daban, wa ya zuba shi a nan?" Na girgiza kai cikin takaici na ce yaran zamani ba sa barin komai ya zauna lafiya. Auta ta ɗago daga kan benci ta ce, "Baba, ba faifan nan ba ne da ka sayo a kasuwa watan jiya lokacin da sifika ta daina magana, ka zuba duk abin da ke ciki, daga baya Mama ta ga ashe wayar sifikar ce ta zare?" Mai gyara ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, kafaɗunsa na rawa.

Ya fitar da baƙon daga jakar, ya danna Kwanturol Fanel, ta buɗe nan take da dukkan hakimanta a jere. Da muka dawo gida na buɗe ta na zauna a gabanta, na duba sama na duba ƙasa, na rasa abin da zan saita, domin agogo ya riga ya daidaita, na rufe ta na sake buɗewa sau uku don in more kuɗina. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara, shugaban ƙungiya ne, ya gaishe ni a gurguje ya ce agogon wayarsa ya koma baya da awa ɗaya, ko injiniya tana gida.