Candy Crush: kamfanin da ya yi arziki da sayar da haƙuri

Kwanakin baya ina zaune a layin banki, wata baiwar Allah da ke gefena ta ja tsaki, ta shiga saitin wayarta ta tura agogo gaba da awa uku. Na ɗauka wayar ce ta rikice. Ashe rayukanta biyar na wasan waya na Candy Crush ne suka ƙare, wato damar sake gwadawa idan ka faɗi mataki, kuma ba ta da niyyar jiran minti talatin ɗin da ake yi kafin a dawo mata da rai ɗaya. Tana komawa wasan ta tarar sun cika, ta ci gaba da jera alewa abinta.

A ganina wannan minti talatin ɗin shi ne ainihin hajar kamfanin King mai wasan, ba alewar ba.

An kafa kamfanin a 2003 a Stockholm ta ƙasar Suwidin, kuma cikin waɗanda suka kafa shi har da Riccardo Zacconi ɗan Italiya da Sebastian Knutsson. Sun yi shekaru suna yin ƙananan wasanni a shafinsu na intanet, ba wanda ya san da zamansu sosai. Da Facebook ya kwashe 'yan wasa, musamman bayan FarmVille na kamfanin Zynga, sai King ya bi kasuwa inda ta koma. Candy Crush Saga ya fito a Facebook a watan Afrilun 2012, ya hau wayoyi a Nuwamba. Kuɗin shigar kamfanin ya tashi daga dala miliyan 164 a 2012 zuwa kusan dala biliyan 1.9 a 2013.

To me suka ƙirƙiro? Jera abu uku masu kala ɗaya dai tsohon yayi ne, wasan Bejeweled ya yi shi tun 2001. Abin da King ya ƙara shi ne ƙidayar motsi da ƙidayar rai. Ka yi ta fama da mataki guda kwana biyu, sai ga shi saura ƙiris ka haye, motsinka ya ƙare. A daidai lokacin da ranka ya fi ɓaci ne allo zai tallata maka ƙarin motsi biyar a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ya tsara wannan ya san halin ɗan Adam ciki da bai.

Masu kare kamfanin suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Wasan kyauta ne, ba a ɗora wa kowa wuƙa a wuya ba, mafi yawan masu bugawa ba su taɓa biyan ko sisi ba. Gaskiya ne. Sai dai wannan hujjar ce ma ke damuna, domin idan galibi ba sa biya, to dala biliyan 20 da aka sanar a 2023 cewa wasan ya tara daga aljihun 'yan tsiraru ta fito, waɗanda haƙurinsu ya fi na kowa gajarta. Ba caca ba ce, tunda ba abin da za ka ci, amma maƙwabciyarta ce.

Masu zuba jari ma ba su gane hakan da wuri ba. Ranar da King ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Maris 2014, farashin hannunsa ya faɗi da sama da kashi 15 cikin 100, ana tsoron yayi ne mai wucewa. Bai wuce ba. Kamfanin wasanni na Activision Blizzard ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 5.9, Microsoft kuma ya haɗiye su duka a 2023. A shekarar ce kamfanin wasanni na Sega ya sayi Rovio na Finland, masu Angry Birds, a kan yuro miliyan 706 kacal. Su Rovio da farko wasan suka sayar, ka biya sau ɗaya shi ke nan. King kuwa kullum yana ƙara matakai, har sun haura 15,000, don kada ciniki ya ƙare.

Ita dai maƙwabciyar tawa ba su ci ko kwabonta ba. Aka kira lambarta ta miƙe, wayarta na nuna ƙarfe biyu na rana, alhali sha ɗaya ce ta yi.