Harshen mara lafiya, a Houston da kuma a gida

Shekara shida na yi ina aikin jinya a wani asibitin gwamnati a jiharmu ta Katsina kafin aure ya kawo ni birnin Houston na jihar Teksas. Lokacin da nake shirin tahowa, hankalina duk yana kan jarrabawar lasisi da yadda kunnena zai saba da Turancin Amurkawa. Bai taɓa zuwa min a rai ba cewa zan tsaya a bakin gadon mara lafiya a Amurka, ga Turanci, ga Hausa, ga ɗan Larabcin Islamiyya, amma in rasa ta cewa.

A makona na biyu hakan ta faru. Wata dattijuwa ce 'yar asalin Meziko da aka yi wa aiki a ƙugu. Wajen ƙarfe uku na dare ta danna ƙararrawa. Da na zo sai ta riƙe min hannu tana magana da sauri, idanunta sun ciko da ƙwalla. Na ruga na turo na'urar tafinta, wani allo ne mai taya da ake kaiwa bakin gado, a kira mai fassara ya bayyana a ciki. Kafin a samu layi an ɗauki mintuna. Ashe fitsari ne ya matse baiwar Allah, ba ta iya tashi, kuma kunya ta hana ta yi min nuni da hannu. A ƙarshe dole ta faɗi hakan ga wani saurayi da ke cikin allo, sa'an jikanta. Ranar na koma gida raina a jagule, kuma cikin watan na yi rajistar ajin Sifaniyanci na yamma a wata kwaleji kusa da unguwarmu.

Wanda bai zauna a nan ba, da wuya ya gane girman harshen Sifaniyanci a Amurka. Sama da mutum miliyan 40 ne suke magana da shi a gidajensu. A Teksas, kusan kashi 40 cikin 100 na jama'a 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka ne, a cikin Houston kuwa sun ma haura haka. Da yawansu a nan aka haife su, Turancinsu ya fi nawa. Amma akwai tsofaffi, akwai sababbin zuwa, sannan akwai abin da duk mai aikin asibiti ya sani: idan ciwo ya yi tsanani, mutum harshen da ya sha a nono yake komawa. Na ga magidancin da ya yi shekara talatin yana aiki da Turanci, yana farfaɗowa daga tiyata ba abin da ke fita bakinsa sai Sifaniyanci.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda harshen ya zo wa bakina da sauƙi fiye da abokan ajina Amurkawa. Wasulansa biyar ne, kamar yadda muke rubuta namu a boko, kuma yadda aka rubuta kalma kusan haka ake karanta ta. Harafin "r" mai kaɗa harshe da yake ba su wahala, mu da shi muka tashi. Raba kalmomi zuwa namiji da mace, wanda malamarmu ta yi makonni tana fama da su a kai, ai abin da muke yi ne tun muna yara. Sai kuma ladabi. Suna da "tú" na tsara da yara, suna da "usted" na girmamawa, kamar yadda ba za ka ce wa dattijo "kai" ba sai "ku". Tsohuwa ba a kiran sunanta gatsau, sai an sa "Doña" a gaba, kamar Hajiya ko Inna a wajenmu. Da safe ana tambayar mara lafiya "¿Cómo amaneció?", wato dai "yaya aka tashi?". Ranar da na fara jin wannan gaisuwar sai na ji kamar a zauren gidanmu nake. In ka ce musu sai gobe, su amsa da "si Dios quiere", in Allah ya yarda. Har Larabci yana nan kwance a cikin harshen tun zamanin Musulmin Andalus, daga 711 zuwa 1492: "ojalá" da suke faɗa wajen fata daga ambaton Allah ta samo asali, "hasta" ita ce "hatta" tamu, maganin tari na ruwa kuma "jarabe" suke ce masa, daga "sharab".

Bayan shekara guda sai aikina ya canza. Ina shiga ɗaki in gaisa, in tambayi inda ke ciwo, "¿dónde le duele?", in ji ko an yi amai, ko akwai jiri, ko an ci abinci. Fuskokin da a da suke ɗaurewa in sun gan ni sai su saki. Mata suna gaya min abin da suka ɓoye wa likita. A kan wannan ba ni da ko shakka: duk mai aikin lafiya da ke zaune cikin mutanen da ba harshensu ɗaya ba, koyon harshen nasu wani ɓangare ne na aikin, kamar koyon auna hawan jini.

Amma a daidai lokacin ne na kusa yin ɓarna. Na tambayi wani dattijo yadda ya kwana, ya ce min "regular". Kunnena na Turanci ya ji "daidai, kamar kullum", har na kama rubuta cewa ba shi da matsala. Wata abokiyar aiki 'yar Honduras da ke kusa ta ce min in sake tambayarsa. A Sifaniyanci, wanda ya ce "regular" yana nufin abin dai ba yabo, jikin ba daɗi. Da muka bincika, ƙirjinsa ne yake masa nauyi tun tsakar dare. Jikina ya yi sanyi, don nan take na tuna da "da sauƙi". Bahaushe ko yana kan gargara, ka ce masa "ya jiki?", zai ce da sauƙi. Sau nawa na ga likitan da ya tsinci Hausar kasuwa ya ji wannan amsa ya rubuta a kati cewa mara lafiya ya samu sauƙi, ya wuce gado na gaba?

A nan Amurka akwai labarin da kusan duk ajin koyar da tafintan asibiti sai an ba da shi. A 1980 aka kai wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Willie Ramirez wani asibiti a jihar Fulorida a sume. Danginsa, waɗanda asalinsu Kuba ne, suka ce yana "intoxicado", suna nufin wani abu da ya ci ne ya lalata masa ciki. Kalmar ta yi kama da kalmar Turanci mai nufin maye, don haka aka yi masa maganin wanda ya sha ƙwaya ta yi masa yawa. Jini ne yake zuba a ƙwaƙwalwarsa, ba a gano ba sai bayan kusan kwana biyu. Ya rayu, amma hannuwa da ƙafafu sun shanye. An yi sulhu a kan diyyar dala miliyan 71. Kalma ɗaya ce, kuma wanda ya ji ta ya ɗauka ya gane. Irin waɗannan tarkunan suna da yawa. Kalmar "once" da ake rubutawa a kwalbar magani da Turanci, wato sau ɗaya, a Sifaniyanci goma sha ɗaya take nufi.

Shi ya sa na shata wa kaina iyaka, kuma asibitinmu ma ya shata mana. Gaisuwa, lallashi, tambayar yau da kullum, waɗannan da bakina nake yi. Amma in za a gaya wa mutum abin da gwaji ya nuna, ko a nemi ya sa hannu a takardar yardar tiyata, ko a bayyana masa yadda zai sha magani a gida, sai an kira tafintan da ya yi horo, ko da kuwa ina jin zan iya. Doka ce ta tsaya a bayan wannan tsari. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana duk wata cibiya mai karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasa, kuma an fassara hakan har ya haɗa da harshe. Dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta ƙara ƙarfafa shi, ƙa'idojinta kuma sun hana a sa yaro ƙarami ya yi wa iyayensa tafinta sai in rai ne ke hannun Allah kuma babu kowa. Mai son takardar shaidar tafintan asibiti sai ya yi horo na aƙalla awa 40, sannan ya ci jarrabawa. Ba na cewa komai yana tafiya daidai. Allo ba ya riƙe hannun mai kuka, wani lokaci ma'aikata saboda sauri sukan tsallake shi, kuma a Maris 2025 shugaba Trump ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, ya soke umarnin da Bill Clinton ya sa wa hannu a 2000 kan taimaka wa marasa jin Turanci. Duk da haka, a nan mara lafiya yana iya cewa "a kira min tafinta", a kira, kuma ba a caje shi ko sisi ba.

Nan ne zuciyata take komawa gida. A asibitin da na yi aiki, kusan duk shekara ana turo mana likitoci 'yan bautar ƙasa, da yawansu daga kudu, ba sa jin ko "zo". Wa yake yi musu tafinta? Wanda ya fi kusa: masinja, mai shara, mai gadi, ko ɗan majinyaciyar da ya yi sakandare. Ni kaina na sha barin aikina in je in fassara, ba wanda ya taɓa koya min yadda ake yi. Ina taƙaita maganar tsohuwa mai tsawo zuwa jimla ɗaya, in zubar da abin da nake ganin ba shi da amfani, alhali ƙila a cikinsa cutar take. Na ga uwa ta zo da zubar jini, aka sa ɗanta saurayi ya fassara, ta sunkuyar da kai ta ce ciwon ciki ne kawai. Wace Bahaushiya ce za ta faɗi wannan a gaban ɗan fari?

Hausar asibiti kuma tana da nata tarkunan, ba su gaza na Sifaniyanci ba. "Zuciyata tana tashi" amai ne ke taso wa mutum, ba ciwon zuciya ba ne. "Shawara" wani lokaci ciwon da ke sa ido ya yi rawaya ne. "Sanyi" yana iya zama mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko cutar da ake ɗauka ta saduwa. Mace ta ce "ba na salla" ko "na yi ɓatan wata", wanda bai san al'ada ba zai bi ta kansu ya wuce. Har mu Hausawan da muka yi karatun lafiya, da Turanci muka yi shi tun daga farko har ƙarshe. Ka ce wa sabon likita Bakano ya bayyana wa manomi abin da ciwon ƙoda yake yi wa jini da Hausa zalla, ka ga yadda zai yi ta laluben kalma. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram haka suke fama, su da Faransanci.

Akwai kuma wani kuskure da na gano muna yi a wurare biyun. A Houston, duk wanda ya fito daga Guwatamala sai mu ɗauka Sifaniyanci ne harshensa, alhali wasu Kiche ko Mam suke yi, Sifaniyancin nasu bai fi nawa ba. Suna ta gyaɗa kai suna cewa "sí", ba su gane rabin maganar ba. Haka muke yi wa Bafulatanar da ta fito daga ruga ko Babarbariyar ƙauye. Tunda ta amsa gaisuwa da Hausa, shi ke nan, sai mu zuba mata bayanin magani mu sallame ta.

Ba zan zalunci gida ba. Na yi aiki da wata nas Bayarabiya haihuwar Sabon Garin Kano wadda Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi, da wani likita Ibo da ya zauna da littafi yana rubuta kalmomi daga bakin masu jinya, kafin ya gama bautar ƙasa yana duba marasa lafiya shi kaɗai. Mutanenmu suna da saurin ɗaukar harshe da son taimako. Abin da ya rage shi ne hukuma ta ɗauki abin a matsayin aiki. Makonni ukun da ake yi a sansanin bautar ƙasa sun isa a ware wa likitoci da nas-nas darasi na musamman kan Hausar asibiti. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo duk suna da masana Hausa, kuma duk suna da asibitocin koyarwa. Me zai hana ɓangarorin biyu su zauna su fitar da manhaja? Me zai hana manyan asibitoci su ɗauki tafintoci, mata da maza, a horar da su kan riƙe sirri, a biya su albashi?

Bara surukata ta zo mana ziyara daga Funtuwa, jiki ya motsa mata, muka kai ta asibiti. Ba ta jin Turanci. Na gyara tsayuwa zan fassara, sai likitar ta ce a'a, ta gode, za ta kira tafintan Hausa ta waya. Raina ya ɗan sosu. Ni nas ce, kuma harshena ne. Aka samu layi, muryar wata mata ta yi sallama, daga jin Hausarta mutuniyar Nijar ce. Hajiya ta amsa, suka gaisa har da tambayar mutanen gida. Likita ta yi tambaya ta farko, ta biyu, Hajiya tana amsawa. Da aka zo ta uku sai ta yi shiru, ta ɗago ta dube ni.

"'Yar nan," ta ce, "ɗan ba mu wuri."

Na ɗauki jakata na fita, na ja musu ƙofa.